Ranar da Motar Shela Ta Dawo Shiru

Duk shekarar zaɓe sai samari sun cika mini ƙofar gida. Wannan ya ce, Baba Iro, a ba ni aron makirfo. Wancan ya ce ɗan takarar mazaɓarsu ya ba shi adaidaita da lasifika, in koya masa shela kafin Juma'a. Kafin Juma'a fa! A ganinku aikin nan ihu ne kawai, ka samu batir mai caji, ka saka memori, ka buɗe maƙogwaro. To ai jaki ma yana da maƙogwaro, ban taɓa ganin an tsaya ana saurarensa ba. Tunda kun zo, ku gyara zama a tabarmar nan, ku kife wayoyin nan naku, in ba ku labarin sana'ar da kuke rainawa.

Ni a nan Gumel aka haife ni, a nan kuma na koyi aikin a hannun Baba Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Shi da zallar muryarsa ya fara, a ƙafa, unguwa-unguwa. Lokacin da na zo hannunsa ya riga ya sayi ƙaho guda na ƙarfe da ƙaramar amfilifaya, ni kuwa aikina ɗaukar batirin mota a ka. Ruwan batirin nan ya cinye mini riguna ba adadi, har mahaifiyata ta ce ko dai ɓera nake kiwo a jikina. Na daɗe ina wannan dako kafin ya bar ni in taɓa makirfo. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai dai buɗe kunne. Wanda bai iya ji ba, ba zai iya faɗa ba."

Aikina na farko shelar allurar shanu ce, a wasu rugage can wajen Sule Tankarkar. Muka sauka daga motar kasuwa, Baba Ɗanjuma ya miƙo mini makirfo, ya koma gindin aduwa ya zauna yana cin goronsa. Na tsaya, na saita ƙaho wajen rugar, na zage na kwarara shela har jijiyar wuyana ta tashi. Ko kaza ba ta waiwayo ba. Da na gaji sai ya taso, ya ɗebi ƙasa ya sake ta, muka ga inda iska ta kai ta. Ashe iskar a fuska take dukana, duk abin da na faɗa ta kwashe ta mayar bayana, ta kai wa gonar wani. Muka zagaya ta ɗaya gefen muka ba iska baya. Ya ce in fara da gaisuwa da Fillanci, in tambayi lafiyar shanu, sannan in faɗi saƙo da Hausa a hankali. Kafin in rufe baki sai ga dattawa suna fitowa da sandunansu. Har yau in na sauka a wuri, ƙasa nake fara ɗiba.

Shela sau uku ake faɗinta a wuri guda, kuma kowanne da dalilinsa. Na farko don a yi shiru, ba wanda yake fahimtar komai a cikinsa. Na biyu na maza ne da ke waje. Na uku na matan da ke cikin gida ne, waɗanda sai sun ajiye taɓarya ko sun lallashi yaro kafin su kasa kunne, shi ya sa a nan ake jan magana, a maimaita rana da wuri. Ku kuwa kuna tafe a guje, wanda ke bakin titi ya ji "ana sanar da", na gaba ya ji "ranar Talata", na can ya ji waƙa. Kowa ya tsinci guntu, ba wanda ya san me za a yi ranar Talatar. Tsayawa ake yi. Bakin rijiya, mahauta, tashar mota, gindin bishiyar da dattawa ke hira, nan ne wuraren. Kuma ba a buɗe baki a ƙauye sai an fara sauka ƙofar Bulama, wato mai garin, an gaishe shi, an gaya masa abin da aka kawo.

Sanin inda za ka yi shiru ma rabin aikin ne. Maƙabarta, asibiti, masallaci in an ta da salla, gidan da ka ga an shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Na san ɗan takarar da ya rasa unguwa guda sukutum saboda yaransa sun wuce da kiɗa ana tsakiyar sallar jana'iza. Ya je ya ba da haƙuri, suka ce ba komai, ranar zaɓe suka nuna masa da komai.

Kayan aiki kuwa, in ba ka kula da su ba sai sun kunyata ka a gaban jama'a. Ƙaho, in ka ajiye shi a ɗaki ka manta, zanzaro sai ya gina gidansa a ciki, ranar da ka kunna ka ji muryarka kamar ta mai mura. Waya sai ka bi ta da hannu kowace safiya. Kada ka yarda makirfo ya fuskanci ƙaho, yanzu zai yi ƙarar nan mai tsinka kunne, yara su yi ta maka dariya. Babban kayan aiki kuma shi ne wanda Allah ya saka maka a wuya. Ban san ɗanɗanon ruwan sanyi ba tun ina saurayi. Ruwan ɗumi da citta da ɗan zuma, shi ke nan. Ina kallonku kuna kwankwaɗar lemo mai ƙanƙara kuna cewa za ku zagaya mazaɓa goma. Ranar farko za ku yi, rana ta biyu sai dai ku yi magana da hannu.

Bayan rasuwar Baba Ɗanjuma kayan suka dawo hannuna, na ƙara ƙaho na biyu. Daga nan ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan namu huɗu ta ɗauke ni, ba zan faɗi wacce ba, don mutanen suna raye. Ba ma'aikacin dindindin ba ne ni, amma an ba ni a-kori-kura da direba, wani mutumin kirki mai suna Ado. Kaya nawa, mota tasu. Ciyamomi suna zuwa suna tafiya, ni ina kan motar nan. Rigakafi, rabon taki, ranar tsaftar gari, harajin rumfuna, rajistar masu zaɓe, duk ta bakina mutane suke ji. Kuma fa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ranar da na yi shelar cewa za a tashi masu soya ƙosai daga bakin titi, wata baiwar Allah ta watso mini ruwan wanke-wanke, ta ce in kai wa wanda ya aiko ni. Na ce, "Hajiya, ai kin riga kin juye shi a kan ɗan aike."

Wata shekara kuma na je shelar rajista a ƙauyukan bakin iyaka, wajen Maigatari. Murya ba ta san iyaka ba, iska ta ɗauke ta ta tsallaka da ita. Washegari sai ga mutanen ƙasar Damagaram sun yi layi suna tambayar ma'aikacin da ɗan Faransancinsu, "Mushe, ina ake rubuta sunan?" Suka ce ai sun ji an ce kowa da kowa ya fito. Tun daga ranar, in na je can, sai na ƙara da cewa ina gaida 'yan'uwa na tsallake, amma wannan kiran ba da su ba ne.

'Yan siyasa su ne abokan cinikin da suka fi kowa wuyar sha'ani. Wani so yake ka ambaci sunansa a kowane numfashi har da na kakansa. Wani so yake ka yi wa abokin takararsa habaici. Habaici ban yi wa kowa ba, don wanda ka zaga bana shi ne zai zauna a ofis baɗi, kuma ta ƙofar gidansa za ka wuce da shelar rigakafi. Amma akwai ƙa'ida guda da na gada, wadda ta fi wannan. Baba Ɗanjuma ya sha ba ni labarin wani mai shela na zamaninsa da aka aiko ya sanar da rasuwar wani bafatake da ya tafi Damagaram. Ya sanar, aka yi zaman makoki, matar ta shiga takaba, sai ga mutum ya dawo da jakunansa lafiya lau. Daga ranar ko gobara mai shelar nan ya ce ta tashi, sai mutane su ce bari mu ga hayaƙi. Shi ya sa Baba Ɗanjuma ba ya shelar abin da ya shafi mutum, ko mutuwa ce, ko ɗaurin aure, ko ɓatan dabba, sai ya taka ya ji daga bakin mai abin ko mutanen gidansa. Yakan ce magana zarar bunu ce, tamu kuwa da ƙaho ake zarar ta. A kan wannan ƙa'idar na rasa motata.

Ga yadda aka yi. Ana shirin zaɓen ƙananan hukumomi, jam'iyyar Ciyaman za ta fid da ɗan takarar kansila a wata mazaɓa. A wajenmu kuwa kun sani, wanda jam'iyya mai mulki ta tsayar kusan ya gama cin zaɓe. Mutum biyu ke nema. Akwai Alhaji Sabo, mai sayen riɗi da zoɓo, wanda manya suke so. Akwai kuma Malam Haruna, tsohon malamin firamare da ya koma noma, wanda mutanen ƙauyensa suka tsayar saboda famfonsu ya daɗe a lalace, mata suna tafiya mai nisa ɗebo ruwa. Ƙato bayan ƙato za a yi, wato ɗan takara ya tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga.

Ana gobe za a yi, da hantsi, Ciyaman ya kira ni ofis. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Malam Iro, an yi masalaha. Malam Haruna ya janye wa Alhaji Sabo. Ka zagaya mazaɓar yau ka sanar, don kada mutane su bar aikinsu gobe su fito a banza."

Na ce, "Ranka ya daɗe, madalla da masalaha. Zan bi ta gidansa in ji daga bakinsa, sai in fara."

Ya ce, "A gabana ya faɗa jiya, a gaban dattawan jam'iyya. Ko bakina bai isa ba?"

Na ce, "Wane ni, ranka ya daɗe. Ai haka na saba ne. Ko rasuwa ce sai na leƙa gidan."

Ya yi dariya, amma da na kai bakin ƙofa sai ya ce, "Kada ka tsaya a gidansa. Ka fara daga kasuwa. Motar nan masu sonta suna da yawa, Malam Iro."

To, ba sai an fassara mini ba. Na san in na tsaya a gidan nan, ƙila ranar ce ta ƙarshe a kan motar da nake ciyar da iyalina da ita. A hanya Ado ya yi ta yi mini magiya. Ya ce, "Baba Iro, don Allah ka rufa mana asiri. Ciyaman ba zai yi maka ƙarya ba. Ka faɗi abin da aka ce, mu koma gida." Na ce ni ma ban ce ƙarya ya yi ba. Amma in na hau ƙaho na ce mutum ya janye, gobe aka gan shi tsaye a fili, wa zai sake yarda da ni in na ce a kawo yara rigakafi? Ciyaman wa'adinsa zai ƙare ya tafi, ni kuwa da muryar nan zan tsufa. Na ce masa minti kaɗan ne, in kira Malam Haruna gefe, ya ce mini e, mu kama aiki. Wallahi haka na zata za a yi.

Muka isa bayan azahar. Na sauka na gaida Bulama, na ce saƙo ne na jam'iyya amma sai na ga Malam Haruna tukuna. Sai dai motar shela ba ta da sirri. Ƙaho biyu a kanta, kowa ya san ta. Kafin mu kai ƙofar gidan, rabin gari yana biye da mu. A ƙofar gidan kuma na tarar da abin da ban yi tsammani ba, an shimfiɗa tabarmi cike da mutane ana shirin gobe. Ana tsara wanda zai ɗauko tsofaffi a babur. Mata a zaure suna gyaran gero na furar da za a kai fili. Ga wani dattijon Bafulatani, Arɗon rugagen yankin, ya zo da kansa ya tabbatar cewa mutanensa za su fito. Da gani ka san ba wanda ya gaya musu komai.

Malam Haruna ya fito. Doguwar riga ce fara a jikinsa, ta sha wanki. Da ya gan ni, ya ga motar, sai fuskarsa ta canza, na gane ya san abin da ya kawo ni. Na ce, "Malam, ko za mu ɗan keɓe?" Arɗo ya ce, "A'a, Malam Iro, kai da kake faɗa wa duniya magana, yau kuma raɗa za ka yi? Faɗi a nan, duk ɗaya muke." Jama'a suka ce gaskiya ne. Na dubi Malam Haruna, ya gyaɗa kai.

Na ce, "An aiko ni in sanar cewa ka janye wa Alhaji Sabo. Na zo in ji daga bakinka."

Matan zaure suka daina abin da suke yi. Malam Haruna ya dubi ƙasa, ya ɗago ya bi mutanen nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka sayar da riɗinsu da awakinsu don ya tsaya. Daga baya na ji cewa Ciyaman gaskiya ya faɗa. An kira Malam Haruna gaban manya, an yi masa alkawarin muƙamin mai ba da shawara, kunya ta kama shi ya ce ya yarda. Ya dawo gida ya kasa gaya wa kowa, yana jiran ƙahona ya faɗa a madadinsa. A ƙofar gidan kuwa, ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Ban janye ba."

Aka ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa na san tawa ta ƙare. Matasa suka yanyame motar suna cewa to in hau in sanar cewa bai janye ba. Na ce ba da wannan aka aiko ni ba, motar hukuma ce. Ado ya juya kan mota. Muka bi ƙauyukan mazaɓar nan kaf a hanyar dawowa, yara suna bin mu a guje suna jiran a fara, ƙaho biyu a sama ko tari ba su yi ba. A haka muka shiga sakatariya.

Labari ya riga mu isa. Ciyaman bai ma bari na hau bene ba. A gindin mota ya same ni, ya ce, "Malam Iro, ka kyauta. Kwance kayanka." Na kwance ƙahonina, na naɗe wayoyina, Ado ya taya ni ɗora su a kan babur ɗin ɗan acaɓa. Da zan tafi Ado ya riƙe hannuna ya ce, "Ai na gaya maka." Na ce ka gaya mini.

Washegari na hau motar haya na je filin, don ina son in ga abin da na sayar da motata a kansa. Da farko layin Malam Haruna har ya kai bakin katangar makaranta. Sai motocin manya suka iso, suka fito suka zauna a ƙarƙashin rumfa suna kallo. Ku da ba ku ga ƙato bayan ƙato ba, ba za ku gane ba. Ba akwati, ba labule, kowa yana ganin kowa. Wanda ɗansa ke shara a sakatariya ya tuna. Wanda Alhaji Sabo ke saye wa riɗi ya tuna. Wannan ya ce zai je fitsari, wancan ya ce zai sha ruwa, in sun dawo sai ka gan su a ɗaya layin sun sunkuyar da kai. Matasan da suka fi kowa kabbara jiya, da idona na ga wasunsu a can. Aka bar Malam Haruna da Arɗo da mutanensa, da tsofaffi, da matan da suka gaji da tafiyar ruwa. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya, amma ya sani, ai mutum yana jin bayansa in ya yi sanyi. Ya tsaya a rana har aka gama ƙirga, ya je ya yi wa Alhaji Sabo musafaha, ya tafi gida a ƙafa. Ya rasa kansila, ya rasa muƙamin da aka yi masa alkawari. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har na kasa zuwa in gaishe shi.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. 'Yan jam'iyya mai mulki ba sa kirana, an ce ni ɗan adawa ne. 'Yan adawa suka zo suka ce in shigo, amma sai in riƙa ba da labarin Ciyaman a ƙaho, na ce ban iya ba, su ma suka watse. Masu biki sun koma wajen samari masu manyan akwatunan kiɗa. Na gwada ɗaura ƙaho ɗaya a keke, batir a baya, yashin ƙasar nan ya nuna mini cewa gwiwata ta tsufa. Na koma yi a ƙafa cikin gari, shelar ɗan akuya ya ɓata, shelar mai maganin basir ya sauka a tasha. Wani lokaci mako ya wuce ba wanda ya yi sallama. Uwargidana ta sayar da tumakinta, ni na sayar da ƙaho na biyu. Na aika dattawa su ba Ciyaman haƙuri, ya ce ba ya riƙe da ni, amma an riga an ba wani. Ban sake hawa motar nan ba har yau, kada ku zata labarin zai juya.

Bayan an yi girbi, wata ranar kasuwa da safe, ina zaune a nan inda kuke ina gyaran waya, sai na ji ƙarar ƙafar amalanke ta tsaya a ƙofa. Na ɗaga kai. Bijimai biyu ne, da buhunan riɗi a baya, Malam Haruna ne riƙe da igiya, ya rame, hularsa duk ƙura. A kan buhunan kuma Arɗo ne zaune da sandarsa. Na miƙe, rabona da Malam Haruna tun filin nan.

Muka gaisa. Arɗo ya ce karsanarsa ce ta ɓata, ja mai farin goshi, da tsaga a kunnen hagu, yana zaton an biyo da ita kasuwa, kuma shi ba wanda zai yi masa shelarta sai ni. Na ce, "Arɗo, ai ba ni da abin hawa. Kasuwar nan kafin in zagaya ta da batir a ka, an watse." Malam Haruna ya ce, "To wannan da muka zo a kai mene ne, jirgi? Ɗauko kayanka."

Muka sauke riɗin a wajen dillali, muka ɗaure ƙaho a jikin sandar amalanke da igiyar rama, na zauna a kan batir. Muka shiga kasuwar Gumel, tsohon ɗan takara yana kora shanu, ni ina shela. Mutane suka yi ta dariya. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Kansila, an koma tuƙi ke nan?" Malam Haruna ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ai gara wannan, su waɗannan in na juya ina samunsu a inda na bar su." Ba a yi la'asar ba aka gano karsanar a kara, inda ake cinikin shanu. A ranar mutum uku suka ba ni aiki. Ranin nan gaba ɗaya, duk kasuwar da amalanke zai iya kai wa, shi ya riƙa kai ni, bai taɓa karɓar ko sisi ba, sai dai in saya wa bijiman dusa. Da abin da na tara na sayi tsohuwar adaidaitar nan da kuke gani.

A hanyar komawa gida ranar farkon nan, bayan mun sauke Arɗo, muka rage mu biyu. Na daɗe ina juya maganar a raina, sannan na ce, "Malam, da ban tsaya a ƙofar gidanka ba, da yanzu kana ofis da fanka a kanka. Ba ka jin haushina?"

Bai juyo ba. Ya ɗan taɓa bijimin dama da tsumagiya, ya ce, "Kai tambaya ka yi, ni na ba da amsa. Riƙe ƙahonka da kyau, akwai rami a gaba."